Ɓarawon da Dutse Ya Haɗiye

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa kamar kirgi, ya ɗaga sama ba ginshiƙi, ya halicci abin da muka tarar, ya shafe abin da ba mu riska ba. Bayan haka, ni ne Tunau baduku, mutumin Birnin Rimaye, ga kuma labarin abin da ya same ni a Ƙasar Tsaga. Wanda ya gaskata ya gaskata. Wanda ya ƙi, ga hannuna na dama nan ya duba, shi ne shaidata.

Tun ina saurayi nake jin labarin wata fata da ake jemewa a bayan duniya, wai don shara-shara kana hango harshen fitila ta cikinta. 'Yan'uwana dukawa suka ce tatsuniya ce. Ni kuwa Allah ya yi ni da zuciya, in aka ce abu babu shi sai ya zame mini ƙaya a tafin ƙafa. Na ɗauki wuƙata da basillata na fita.

Na ratsa ƙasar da ruwan sama ke sauka da ɗumi kamar kunu. Na sauka a garin da ake gina ɗakuna a bayan manyan kunkuru, na ajiye jakata a masauki na tafi rafi, kafin in dawo masaukin ya yi gaba, sai da na yaudare shi da ganyen yakuwa sannan ya tsaya. Daga ƙarshe na isa Tsibirin Majema, na yi musu bauta har furfura ta fara leƙo mini a gemu. Ladana fata guda, ta wata 'yar barewar ruwa. Da na ɗaga ta a rana na ga yatsuna ta cikinta, sai da na yi hawaye. Na naɗe ta na zura a gora, na rataya a wuya, na juyo gida ta hanyar da aka ce ta fi kusa. Hanyar nan ce ta jefa ni Ƙasar Tsaga.

Wani makeken kwari ne, mutanensa sun ce tafki ne a zamanin da ba wanda ya sani, ya ƙafe, lakarsa ta zama dutse hawa-hawa kamar an jera alluna. Sana'arsu ke nan, tsaga dutsen. Da shi suke rufin ɗaki, da shi suke ƙyaure, a kansa suke cin tuwo. Babu itace ko ɗaya. Da yamma ta yi na ɗaga kai na ga sama fayau, abin ya ba ni kewa, don a garinmu war haka jemagu sun taso daga rimaye sun rufe sararin sama. Abu na biyu da na lura da shi ya fi wannan tayar da hankali: masu dungu sun yi yawa a garin, duk kuma hannun dama ne babu. In ɗayansu ya gifta, sai ka ga mata suna jawo kayan tallarsu jikinsu.

Wani tsoho mai dungu da ke tsaron ƙofar gari, sunansa Anaruwa, shi ya kai ni gaban Sarkin Tsaga Ranau, wani dogon dattijo mai idanu kamar bai taɓa barci ya ƙoshi ba.

"Baƙo, sannu da hanya," in ji Ranau. "A nan ba ma tambayar mutum halinsa, dutse muke tambaya. Duk yaron da ya isa aure, da duk baƙon da ya shigo, sai ya buɗe dutse. In kifi ya fito, kai mai albarka ne. In ganye ne, mai haƙuri. In babu komai, mutum ne kamar kowa. Zaɓi naka."

Na ce a raina, in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi igiya ka ɗaura. Na duba tulin duwatsun da idon mai zaɓen fata, na ɗauki wani baƙi mai santsi, ba tabo ba tsaga. Ranau ya kafa ƙarfe a gefensa, ya miƙo mini guduma. Na buga. Dutsen ya rabu biyu kamar an buɗe littafi.

Ga wata 'yar halitta kwance a ciki, ba ta fi tafin hannuna ba, ƙasusuwanta sun zama dutse, ja-ja kamar tsohuwar fata. Ga ƙoƙon kai da haƙora kamar allurai, ga haƙarƙari, ga hannuwa a buɗe da yatsu zara-zara sun fi jikin tsawo. Na ƙyalƙyale da dariya na ce, "Kai! Jemage! Me ya kawo ka cikin dutse?"

Ni kaɗai na yi dariyar. Da na ɗago, jama'a sun ja da baya, wata mata ta rufe wa ɗanta ido.

"Mai Yatsu ne," in ji Ranau a hankali. "Ɓarawon farko, wanda dutse ya haɗiye. Dubi kansa irin na mutum. Dubi yatsun da suka yi tsawo don ɗaukar abin wasu. Wannan baƙin da ke kewaye da shi buhun sata ne, wannan mai ƙyalli a cikinsa kuwa zinarin da ya haɗiye ne. Ba ya fito wa kowa sai ɗan'uwansa. Ran kasuwa za a sare hannunka na dama, don kada ya kai ga abin da aka rubuta masa."

An ce baki shi ke yanka wuya, nawa kuwa bai taɓa sanin linzami ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, wane irin zinari? Fikafikan ƙwari ne, abincinsa na ƙarshe! Buhun nan kuwa fiffike ne. Dabba ce mai tashi, mai gashi kamar ɓera, tana shayar da ɗanta nono, tana barci kai ƙasa ƙafa sama. A garinmu yara da sanda suke korarsu. Ashe a kan jemage kuke guntule mutane?"

Wasu suka yi dariyar ɓera mai tashi, wasu suka ɗebo duwatsu. Ranau ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"Jemagen naku, farce nawa gare shi a hannu?"

"Ɗaya. Manyan masu cin 'ya'yan itace, biyu."

"To, ƙirga na wannan."

Na sunkuya na ƙirga. Biyar, kowane yatsa da farcensa. Ga ƙafafu dogaye, ga wutsiya zuƙeƙiya, irin da ban taɓa gani jikin jemage ba. Ni kaina sai da na yi shakka.

"Ashe ba naku ba ne," in ji Ranau.

Baduku ba hannun dama, ai gara a ce masa ya mutu. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, gani ya kori ji. A ba ni zuwa ran kasuwar. Zan ɗinka irinsa, ƙashi da ƙashi yadda yake a dutsen nan. In mutum ne mai buhu, zai faɗi. In na sama ne, zai tashi."

Ranau ya nuna babban ramin da suke haƙar dutse, mai zurfi da faɗi. "In ya ƙetare ramin can, ka tafi da hannunka. In bai ƙetare ba, ni da kaina zan sare shi."

Al'adarsu ce wanda dutse ya kama a ajiye shi gun masu dungu a bayan gari, don haka aka damƙa ni ga Anaruwa. A ƙofar kowane ɗaki a unguwar an jingine allon dutsen da ya kama mai ɗakin, don kada ya manta. Da aka kawo abinci, tsohon ya ajiye mini nawa, ya ɗauki nasa ya koma gefe, ya juya mini baya yana ci da hagu.

"Baba, zo mu ci tare mana."

"A'a, ɗana. Mai hagu ba ya sa hannu a akushin mutane. Rabona da ci da wani tun ina saurayi."

"Me ka sata, Baba?"

"Ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba. Amma dutse ba ya ƙarya. Da an bar mini hannun, wa ya sani, wataƙila da na ɗauka." Ya ƙara da cewa, "Ranau ƙanena ne, ciki ɗaya. Ubanmu ne Sarkin Tsaga a lokacin. Ya ɗaga wuƙar ya kasa, sai ya miƙa wa Ranau, yana yaro. Tun daga ranar Ranau bai sake haɗa ido da ni ba."

Na ji tausayinsa, na kuma ji tsoro ninki biyu, don na gane mutumin da zai yi mini hukunci ba zai so in yi gaskiya ba. In jemage ne, to a banza ya sare hannun wansa.

Na shiga aiki. Na yi wa jemagen jiki da sillen karan da na ciro daga tsohon faifan Anaruwa, na yi yatsu da tsinkayen tsintsiya, na gwada kowanne a kan ƙashin dutsen, na ɗaure da jijiya, na liƙe da ƙaro. Na shimfiɗa masa fatar akuya mafi laushi da ke jakata, na hau katanga na sake shi. Ya faɗo tim kamar tsohon takalmi. Na kankare fatar har ta fara hujewa, na sake gwadawa. Takalmin dai.

Na san abin da ya rage, na yi ta kewaye shi kamar mai ciwon haƙori. Daga ƙarshe na buɗe gorar. Ƙuruciyata duka tana cikin fatar nan, amma me zan yi da ita in ba hannun da zai ɗinka ta? Na rintse ido na sa mata wuƙa. Na yanka fikafikai irin na jemagun garinmu, yadda na san su, na ɗinka, na hau katanga. Wannan karon ya yi kamar zai tafi, sai ya kifa kai, ya yi ta juyi kamar busasshen ganye, ya daki ƙasa ya yage. Rabin fatar ya tafi a banza, gobe kuma kasuwa.

Da gari ya waye ina zaune na zuba wa hannuna ido, ina motsa yatsun ɗaya bayan ɗaya. Sai Anaruwa ya zo ya tsaya kaina, yana juya yagaggen da ƙafa.

"Ɗana, ban yarda da zancenka ba. Amma in yadda yake a dutse za ka ɗinka, ai ka gajarta buhun. Ba a nan ya tsaya ba."

Ya jawo allonsa daga bakin ƙofa, ya kwantar inda hasken safiya ke dukansa a karkace, ya tsiyaya masa ruwa daga buta. Da dutsen ya jiƙe, sai wata inuwa ta bayyana wadda ba ta fito a nawa ba. Ta taso daga kan yatsu, ta gangaro har idon sawu, ta haɗe tsakanin ƙafafu, ta bi wutsiya.

"Kullum da safe nake zuba masa ruwa," in ji shi. "Ina neman in ga inda muka yi kama."

Ashe ni jemagen garinmu nake ta ɗinkawa, ba wannan ba. Na ɗauko ragowar fatar na shimfiɗa a kan jiƙaƙƙen dutsen, inuwar ta fito sarai ta cikinta, na bi ta da bakin wuƙa. Fatar ta yi ta zamewa. Tsohon ya durƙusa ba tare da na roƙe shi ba, ya danne gefe da hagunsa, ya danne ɗaya gefen da dungunsa. Haka muka ɗinka shi. Na ɗaura masa ƙwallon dabino a ƙirji don kai ya daidaita. Ina ƙulla zaren ƙarshe aka buga gangar kasuwa. Ba lokacin gwaji, ba kuma fatar da ta rage ko ta ɗaurin yatsa.

Duk garin ya taru a bakin ramin. Masu dungu suna can gefe guda bayan wani layin duwatsu da ba a yarda su tsallake ba. Ga turken dutse an wanke shi, ga wuƙar Ranau a kai, ga tukunyar man zafi na tafasa don tsayar da jini. Ƙaurin man nan har yau in na ji irinsa sai gabana ya faɗi. Rana ta take, babu iska ko ta kaɗa gashi.

"Jefa da hannun dama," in ji Ranau. "Ya yi aikinsa na ƙarshe."

Na yi bisimilla na sake shi.

Ya faɗa ramin kai tsaye. Na ji wani ya ce, "Shi ke nan." Yana ta nitsewa, yana ƙanƙancewa, har na fara jin sanyin wuƙar a wuyan hannuna. Can ƙasa, inda farin dutse ya gasu yana huro zafi sama, sai fatar wutsiyar ta cika, kan ya ɗago, fikafikan suka baje. Ya tsaya da faɗuwa. Ya fara hawa.

Ya taso har ya wuce kawunanmu, rana ta ratsa fatar, tsinkayen suka fito baƙi-baƙi a cikinta, yatsu biyar nan, biyar can, daidai da abin da kowa ya sani a bakin ƙofofin bayan gari. Mai Yatsu ne da kansa a sararin sama, buhunsa na ɗauke da shi. Wata tsohuwa ta fasa kuka.

Ya kai tsakiyar ramin. Ya wuce tsakiya. Sai zafin ya karkata shi, ya yi kwana a hankali kamar shirwa, ya juyo, ya dawo gefen da muke, ya sauka sumul a cikin masu dungu.

Ba wanda ya yi motsi. Ranau ya ɗauki wuƙar.

"Bai ƙetare ba," in ji shi. "Sharaɗi sharaɗi ne. Ku riƙe shi."

Ƙarti biyu suka danne hannuna a kan turken. Na so in yi zagi, karon farko a rayuwata baki ya ƙi buɗuwa. Na ga inuwar wuƙar ta hau kan dutsen.

Sai na ji jama'a na guna-guni. Anaruwa ne ya tsallake layin duwatsun, yana tafe da jemagen a tafin hagunsa kamar mai ɗauke da ɗan tsako. Mutane suka dare masa. Ya zo ya ɗora dungunsa a kan turken, gefen hannuna.

"Ranau," ya ce. "Dube ni."

Sarkin Tsaga ya kafe idonsa a kan dutse.

"Auta, da kai nake. Ban zo da faɗa ba, ban kuma zo neman hannu ba, na san ba ya dawowa. Tambaya ɗaya gare ni, don idona ya tsufa, naka ya fi gani. Abin nan da ya tashi, buhu ka gani ko fiffike?"

Bayansa sauran masu dungu suna tsallako layin ɗaya bayan ɗaya, tsofaffi da samari, har da wani da ƙyallen dungunsa bai ko bushe ba. Tsayawa kawai suka yi suna jiran amsar.

Wuƙar na sama. Gumin Ranau na ɗiga a kan hannuna. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba, na dai san na karanta duk abin da na iya. Sannan ya ɗago kai, ya dubi wansa ido cikin ido.

"Fiffike na gani, Yaya."

Ya juya ya wurga wuƙar cikin ramin. Muka daɗe muna jin ƙararta tana dukan duwatsu.

Kada ku zaci biki aka yi mini. Kuka ne ya ɓarke a kasuwar, irin wanda ban taɓa ji ba ko a gidan mutuwa. Iyayen da suka riƙe 'ya'yansu aka sare, matan da suka guje wa mazajensu, kowa ya rasa inda zai sa kansa. Wata ma tofa mini yawu ta yi, ta ce da na bar su yadda na same su. Ban ga laifinta ba. Ranau ya jawo ni gefe ya ce in fita kafin baƙin cikin nan ya sami wanda zai faɗa wa. Sannan ya tambaye ni, "Ina suka tafi, waɗannan halittu?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban sani ba. Wataƙila tafkinku da ya ƙafe da su ya tafi. Sun ci ƙwarinsu, sun faɗa laka, ba su san da ku ba."

Na bar wa Anaruwa jemagen, na rataya gorata ba komai a ciki. Da na kai ƙofar gari na waiwaya. A inuwar wani dutse na hango su biyu zaune da akushi ɗaya a tsakaninsu. Tsohon ya ɓoye hagunsa a bayansa, ya ƙi miƙawa, don abin da aka saba da shi tun ƙuruciya ba ya fita rana ɗaya. Sai Ranau ya wanke hannunsa na dama, wanda ya riƙe wuƙar, ya yanko loma, ya dangwala a miya, ya kai bakin wansa.

Na iso Birnin Rimaye ba fata ba shaida, dukawa suka ce ai dama sun faɗa. Na ƙyale su, abin da ban saba ba. A duk ƙasar da na ratsa a hanyar dawowa na leƙa kogo da rufin zaure ina ƙirga faratan jemagu, ban taɓa samun mai biyar ba. Irinsu ya ƙare, sai abin da dutse ya adana. Yanzu in yamma ta yi namu suka taso daga rimaye, maƙwabta suna tsaki suna toshe hanci, ni sai in ajiye basilla, in ɗaga hannun nan in kare rana, in yi ta kallonsu har su wuce.

Nan na naɗe hikayata kamar yadda ake naɗe fata. Wanda ya ga ɗinkin ya karkace, ya yafe wa baduku.